Ƙasidar Sule Biyu da Ta Raba Amurkawa da Sarkin Ingila: Nazarin Lamarin 1776

A farkon Janairun 1776, mutanen yankuna 13 da Birtaniya ke mulka a gaɓar gabashin Arewacin Amurka sun shafe kusan wata tara suna zubar da jini tsakaninsu da sojojin Sarki George na III. An gwabza a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu, 1775. An sake gwabzawa a Bunker Hill cikin watan Yuni, inda sojojin Birtaniya sama da 1,000 suka mutu ko suka jikkata. Majalisar wakilan yankunan da ke zama a birnin Filadelfiya ta kafa runduna, ta ɗora George Washington a kanta. Duk da haka, da za ka tare yawancin wakilan nan ka tambaye su abin da suke nema da wannan yaƙi, amsar da za su ba ka ita ce sulhu. So suke a janye dokokin da suka ƙuntata musu, a mayar da al'amura yadda suke kafin 1763, su ci gaba da zama talakawan sarki. Tutar da rundunarsu ta fara ɗagawa ma tana ɗauke da alamar Birtaniya a kusurwarta. Thomas Jefferson, wanda zai rubuta takardar ayyana 'yancin kai bayan 'yan watanni, ya rubuta wa wani ɗan'uwansa a Nuwamban 1775 cewa babu wanda ya fi shi son zama tare da Birtaniya, in dai ba bisa sharuɗɗan da majalisar Landan ke gindayawa ba.

Wata shida bayan wannan Janairu, majalisar nan ta kaɗa ƙuri'ar rabuwa da Birtaniya. Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kawo wannan juyi, amma akwai wata ƙasida mai shafi 47 da ta fito ranar 10 ga Janairu, wadda ba a iya ba da labarin watannin nan ba tare da ita ba. Sunanta Common Sense, marubucinta Thomas Paine. Abin da nake son bi a nan shi ne aikin da aka rubuta ta domin ta yi, da yadda ta yi shi, da inda ta gaza.

Rikicin da ta tarar

Yaƙin Shekara Bakwai ya ƙare a 1763, Birtaniya ta ƙwace Kanada daga hannun Faransa, amma ta fito da bashi ya yi mata katutu. Gwamnatin Landan ta ga ya kamata mutanen Amurka su ɗauki wani kaso na kuɗin tsaron yankinsu. A 1765 aka ɗora haraji a kan takardun kotu, jaridu, har da karta. Mutane suka yi bore, aka soke shi a 1766. A 1767 aka dawo da haraji a kan gilashi, fenti, takarda da ganyen shayi. A 1770 sojoji suka harbe mutum 5 a Boston. A Disamban 1773 mutanen Boston suka zubar da akwatin shayi 342 cikin teku, sai Landan ta rufe tashar jiragen ruwan garin a 1774. Hujjar Amurkawa a duk tsawon wannan lokaci guda ce: majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon ɗora musu haraji.

An yi rubuce-rubuce sosai a kan wannan. Masanin tarihi Bernard Bailyn ya ƙiyasta ƙasidu sama da 400 da suka fito kan rikicin kafin ƙarshen 1776. Yawancinsu lauyoyi, limaman coci da manyan masu gonaki ne suka rubuta, cike da jumlolin Latin da ambaton tsofaffin shari'o'in Ingila. Shahararru a cikinsu su ne wasiƙun John Dickinson, wani lauya ɗan Pennsylvania, na 1767 da 1768. Kusan duk sun tsaya a wuri ɗaya: mu ma 'ya'yan Ingila ne, a ba mu haƙƙinmu na 'ya'yan Ingila. Laifi na ministoci ne da majalisa, sarki kuwa uba ne da aka ɓoye wa gaskiya. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar sarauta, inda akan ce sarki adali ne, fadawa ne ke hana kukan talaka isa kunnensa.

Da wannan imani majalisar Filadelfiya ta aika wa sarki takardar roƙon sulhu a Yulin 1775, Dickinson ne ya tsara ta. Sarki ya ƙi karɓarta. Ranar 23 ga Agusta ya ayyana yankunan a matsayin masu tawaye. A Oktoba jiragen yaƙinsa suka ƙona garin Falmouth, kuma a ƙarshen watan ya shaida wa majalisarsa cewa Amurkawa ƙasa mai cin gashin kanta suke son kafawa. A Disamba aka yi dokar hana ciniki da su, aka halatta kama jiragensu. Amma ko a lokacin, majalisar Pennsylvania ta umarci wakilanta a Nuwamban 1775 da su yi watsi da duk wata shawarar rabuwa, wasu yankunan tsakiya kuma suka bi sahu.

Tsoron nasu yana da dalili. Hukuncin cin amanar sarki rataya ne. Cinikinsu ya dogara da kasuwannin Birtaniya da kariyar jiragen yaƙinta. Masu dukiya suna fargabar abin da talakawa za su yi in aka cire sarki daga sama. Yankunan su kansu ba su jituwa, har Pennsylvania da Connecticut sun ɗauki makami a kan iyaka. Sannan a duniyar wancan zamani, jamhuriya abu ne da aka sani a ƙananan ƙasashe, ba a taɓa ganin ta riƙe ƙasa mai faɗin wannan ba. Mutane suna yaƙi, amma ba su yarda su faɗi inda yaƙin zai kai su ba.

Baƙon da ya faɗa

An haifi Thomas Paine a garin Thetford na Ingila a 1737. Mahaifinsa ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, sana'arsa ɗinka rigar matse ƙugu ta mata, kuma ita Paine ya fara koya bayan ya bar makaranta yana ɗan shekara 13. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi koyarwa, ya yi aikin karɓar haraji a garin Lewes. A 1772 ya rubuta takardar neman ƙarin albashi a madadin abokan aikinsa, ba ta yi nasara ba, a 1774 kuma aka sallame shi, kasuwancinsa ya karye, aurensa ya mutu. A Landan ya haɗu da Benjamin Franklin, fitaccen Ba'amurke ɗan Filadelfiya, wanda ya ba shi wasiƙar shaida. Ya sauka Filadelfiya a ƙarshen Nuwamban 1774 da zazzaɓi mai tsanani, sai ɗauko shi aka yi daga jirgi. Da ya warke ya samu aikin edita a wata mujalla.

Wata 13 kacal ya yi a Amurka kafin ƙasidar ta fito. A ganina wannan baƙunta tasa na daga cikin abin da ya ba shi ƙarfin hali. Amurkawa suna hango Ingila daga nesa da kwarjini, shi kuwa daga can ƙasan al'ummarta ya fito, ya ga yadda iyayen ƙasa ke sayen kujerun majalisa, ya san talaucin da ke bayan kwarjinin. Ba shi da gona, ba shi da muƙami, ba shi da sunan gida da zai kare. Likita Benjamin Rush, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa kuma ya ba da shawarar sunan ƙasidar, ya gargaɗe shi da ya kauce wa ambaton 'yancin kai da jamhuriya ƙarara. Paine ya gina ƙasidar gaba ɗaya a kansu. Ya dai ɓoye sunansa a bugun farko, har wasu suka zaci Franklin ko John Adams, wakilin Massachusetts a majalisar Filadelfiya, ne ya rubuta.

Abin da ƙasidar ta nufa

Abin mamaki ga mai karanta ta a yau shi ne yadda ta yi wa maganar haraji ɗaukar wucewa. Paine ya san kowa ya haddace waɗannan koke-koke. Abin da ya hana mutane motsi ƙauna ce da girmamawa ga sarauta, don haka a nan ya fara sara.

Ya buɗe da bambanta al'umma da gwamnati. Al'umma, in ji shi, alheri ce da buƙatar juna ta haifar, gwamnati kuwa ko a mafi kyawun halinta sharri ne da ba makawa sai da shi, don mutane ba sa iya kame kansu. In haka ne, gwamnatin da ta fi ita ce wadda ta ba da tsaro da mafi ƙarancin tsada. Da wannan ma'auni ya auna tsarin mulkin Ingila, wanda Amurkawa suka taso suna jin babu kamarsa a duniya, ya ce ragowar zalunci biyu ne, na sarki da na iyayen ƙasa, aka yayyafa musu ɗan wakilci.

Daga nan ya shiga sarautar gado kai tsaye, kuma ya shiga ta ƙofar addini, domin ya san Littafi Mai Tsarki shi ne littafin da ke kowane gida. Ya kawo labarin Gidiyon da ya ƙi karɓar sarauta ya ce Ubangiji ne zai mulke su. Ya kawo labarin Isra'ilawa da suka nemi annabi Sama'ila ya naɗa musu sarki, da gargaɗin da ya yi musu cewa sarkin zai kwashe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi, ya karɓe gonakinsu, ya ɗebi ushirin amfaninsu. Mai karatu Musulmi zai tuna da ƙissar Ɗalutu a Suratul Baƙara, kodayake darasin da Paine ya ciro daga nassin Kiristoci nasa ne. Bayan nassi sai tarihi. Ya tunatar da su cewa asalin gidan sarautar Ingila shi ne William, wanda ya ƙetaro daga Faransa a 1066 da gungun mayaƙa ya ɗora kansa ba da yardar mutanen ƙasa ba, kuma ya kira shi da sunan da ba a saba jin an kira kakan sarki da shi ba, wato shege. Ya ce ko da an yarda wasu mutane sun taɓa zaɓen sarki, ba su da ikon ɗaure jikokinsu su bi jikokinsa, waɗanda za su iya fitowa wawaye ko azzalumai. Masu cewa gado yana hana rikici ya ƙirga musu yaƙin basasa 8 da tawaye 19 da ya ce an yi a Ingila tun zuwan William. Shi kansa George na III, Paine ya kira shi Fir'aunan Ingila mai taurin zuciya.

Wannan shi ne babban aikin ƙasidar. Ta ɗauke laifi daga kan ministoci ta ɗora a kan sarki, sannan ta ɗauke shi daga kan wannan sarki ta ɗora a kan sarautar kanta. Wanda ya karɓi wannan hujja ba shi da sauran wurin komawa, domin ko an canza ministoci, ko sarkin ya mutu, matsalar tana nan.

Akwai abin da ke damuna a wannan sashe. John Adams ya ba da labari daga baya cewa da ya ƙalubalanci Paine kan hujjojin nan na nassi, Paine ya nuna masa bai ɗauki Tsohon Alkawari da wani muhimmanci ba. Littafin da ya fitar a 1794 yana sukar addinan wahayi ya tabbatar da haka. Wato ya yi wa mutane magana da abin da suka yi imani da shi alhali shi bai yi ba. Hujjarsa kan gado tana tsayawa da ƙafarta ko babu nassi, amma ban ga yadda za a wanke wannan dabara ba.

Igiya ta biyu da ya nufi tsinkewa ita ce ta cewa Ingila uwa ce. Ya ce in uwa ce to abin kunyarta ya fi yawa, don ko dabba ba ta cinye 'ya'yanta. Ya ce Turai ce mahaifar Amurka, domin mutanen da suka cika ta sun gudo ne daga zaluncin sarakuna da na coci a ƙasashe daban-daban, kuma a lissafinsa waɗanda asalinsu Ingila ne ba su kai kashi ɗaya cikin uku na mutanen Pennsylvania ba. Masu cewa Amurka ta bunƙasa a ƙarƙashin Birtaniya, ya amsa musu cewa don yaro ya girma da nono ba ya nufin ba zai taɓa cin nama ba. Kariyar da ake gori da ita kuwa, Birtaniya cinikinta take karewa, kuma maƙiyanta ne take jawo wa Amurka: Faransa da Sifen ba su da wata gaba da manomin Pennsylvania in ba don yana ƙarƙashin tutar Birtaniya ba. Hatsin Amurka zai samu mai saye a kowace kasuwa ta Turai muddin mutane suna cin abinci. Sannan ya kawo hujjar da ko yaro zai gane: ƙaramin tsibiri yana mulkin nahiya daga nisan mil dubu uku, a aika koke a jira wata huɗu ko biyar kafin amsa ta zo, in ta zo kuma a ƙara wasu watanni ana neman bayaninta.

A nan harshensa ya fi zafi. Ya juya ga masu kiran sulhu ya tambaye su ko an ƙona musu gida, ko an kashe musu uba ko ɗa. In ba a yi ba, ba su da bakin yi wa waɗanda aka yi wa hukunci. In an yi kuma suna iya miƙa wa makasan hannu, to ba su cancanci sunan miji ko uba ba. Magana ce mai tsanani, kuma ba adalci ba ce ga mutane irin Dickinson waɗanda tsoron zubar da jini ne ya sa suke jan ƙafa. Amma ta mayar da sulhu abin kunya, bayan a da shi ne matsayin masu hankali.

Paine ya fahimci cewa mutum ba ya sakin abin da ke hannunsa sai ya ga abin da zai kama. Don haka ya zana tsarin da zai maye gurbin sarki: majalisu da ake zaɓa duk shekara, kowane yanki ya aika wakilai aƙalla 30 zuwa babbar majalisa mai mutum 390 ko fiye, shugabanci ya riƙa zagayawa tsakanin yankuna, a kira taron da zai rubuta kundin tsarin mulki mai tabbatar da 'yancin addini da na dukiya. Ga mai tambaya ina sarkin Amurka, ya ce doka ce sarki. Sashen da ya yi kan ƙarfin yaƙi shi ne mafi rauni. Ya lissafa katako, kwalta, ƙarfe da igiya, ya nuna kamar Amurka za ta iya gina rundunar ruwan da za ta tari ta Birtaniya cikin ɗan lokaci, abin da bai faru ba har aka gama yaƙin.

A shafukan ƙarshe ya kawo hujjar da ta fi shiga kunnen 'yan majalisa. Muddin Amurkawa suna kiran kansu talakawan sarkin Ingila, babu ƙasar da za ta shiga tsakani, Faransa da Sifen ba za su zuba kuɗi da makamai don a gyara daular abokiyar gabarsu ba, kuma a idon duniya 'yan tawaye ne kawai. Sai sun fitar da sanarwa ga ƙasashen waje sun bayyana dalilansu sannan za a saurare su.

Yadda ta yaɗu, da waɗanda suka tare ta

Mai maɗaba'a Robert Bell ne ya fara buga ta, kwafi 1,000, kowanne sule biyu. Ta fito daidai lokacin da jawabin sarki na Oktoba ya iso Filadelfiya, sai mutane suka karanta su tare. Nan da nan ta ƙare. Paine ya yi niyyar sayen safar hannu da rabonsa ga sojojin Amurka da ke fama da sanyi a Quebec ta Kanada, Bell ya ce babu riba, suka ɓata. Paine ya koma wurin maɗaba'ar gidan Bradford, ya ƙara shafuka, ya mayar da kuɗin sule ɗaya, ya bar duk mai so ya buga. An buga ta sau 25 a Amurka cikin 1776 kaɗai, jaridar Connecticut Courant ta buga ta a shafukanta, aka fassara ta zuwa Jamusanci don Jamusawan Pennsylvania. A Landan ma an buga ta, amma an bar gurabe babu rubutu a wuraren da ta zagi sarki. Paine ya ce an sayar da kwafi 120,000 cikin wata uku. Masana na baya-bayan nan suna ganin ya zuzuta, wasu sun ce ba zai wuce 75,000 ba. Ko a haka, a ƙasa mai mutum kusan miliyan biyu da rabi, babu rubutun siyasa da ya taɓa kusantar wannan.

Yawan kwafi ba shi ne ma'aunin ba, domin an rubuta ta ne don kunne. Jumlolinta gajeru ne, kusan babu Latin, babu abin da sai ka je jami'a za ka gane. Ana karanta ta da ƙarfi a mashaya, a shagunan masu sana'a, a sansanin sojoji. Kafinta, siyasar daula magana ce ta manya. Ita ta gaya wa maƙeri da matuƙin jirgi cewa hankalin da Allah ya ba su ya isa su yanke hukunci kan sarki. Washington ya rubuta a ƙarshen Janairu yana yaba hujjojinta, a farkon Afrilu kuma ya ce wasiƙun da ke zo masa daga Virginia suna nuna tana sauya tunanin mutane da yawa.

Masu biyayya ga sarki ba su yi shiru ba. James Chalmers, wani mai gonaki a Maryland, ya fitar da raddi a Maris, Bell ɗin nan ne ma ya buga masa. Ya yi gargaɗin cewa Amurka ba za ta iya da Birtaniya ba, kuma jingina da Faransa sauya ubangida ne kawai. Limamin cocin Angilikan Charles Inglis ya rubuta nasa a New York, amma kafin a fara sayarwa gungun masu goyon bayan juyi suka shiga maɗaba'ar suka kwashe kwafin suka ƙona. Wannan tabo ne a kan tafiyar, domin mutanen da ke kiran 'yanci ne suka hana a ji ɗaya ɓangaren. Suka mafi nauyi kuwa daga cikin gida ta fito. John Adams yana son 'yancin kai, amma ya ga tsarin majalisa guda da Paine ya zana zai ba rinjaye ikon da babu mai taka masa birki. A Afrilu ya fitar da tasa ƙasidar yana kiran majalisu biyu da raba iko tsakanin masu doka, masu zartarwa da alƙalai. Pennsylvania ta bi hanyar da ta yi kusa da ta Paine a kundinta na 1776, amma yawancin jihohi, da tarayyar kanta a 1787, hanyar Adams suka bi.

Daga Janairu zuwa Yuli

Ranar 12 ga Afrilu North Carolina ta ba wakilanta izinin goyon bayan rabuwa. Ranar 15 ga Mayu Virginia ta umarci nata su gabatar da shawarar. Richard Henry Lee ya gabatar da ita ranar 7 ga Yuni, haɗe da shawarar neman ƙawance da ƙasashen waje da ta kafa tarayya. An kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Yuli, aka amince da takardar sanarwa ranar 4.

Kaso nawa na wannan ne aikin ƙasidar? Masaniyar tarihi Pauline Maier ta tattara sanarwowi kusan 90 da garuruwa, gundumomi da majalisun yankuna suka fitar tsakanin Afrilu da Yuli. Ta ga yawancinsu abin da sarki ya aikata suke kafa hujja da shi: ƙin karɓar roƙonsu, ƙona garuruwa, da labarin da ya iso a Mayu cewa ya yi hayar sojojin Jamus don a yaƙe su. Ba su cika maimaita hujjar Paine kan haramcin sarauta ba. Ita kanta sanarwar 4 ga Yuli ta jera laifuffuka 27, ta tuhumi George na III da zalunci, amma ba ta ce sarauta a kanta ɓata ce ba. Don haka kuskure ne a ce ƙasida guda ta haifi ƙasa. Da sarki ya karɓi roƙon Yulin 1775, da wuya rubutun Paine ya samu masu saurare haka.

Abin da na gamsu da shi shi ne ƙasidar ta ba mutane hanyar fassara abin da ke faruwa da su. Ƙona gari zai iya zama dalilin ƙara roƙo, zai iya zama dalilin rabuwa, ya danganta da yadda mutum ya ɗauki sarki tun farko. Bayan Janairu, kowane sabon labari daga Landan yana faɗowa ne a kan mutanen da aka riga aka gaya wa abin da za su yi tsammani. Kuma ta fitar da muhawarar daga zauren majalisa zuwa titi, har wakilan da ke jan ƙafa suka ji matsin daga ƙasa. Hasashenta kan taimakon waje ya tabbata: bayan nasarar da Amurkawa suka samu kan sojojin Birtaniya a Saratoga a Oktoban 1777, Faransa ta sa hannu kan ƙawance ranar 6 ga Fabrairu, 1778, kuma da jiragen yaƙinta da sojojinta aka tilasta wa Birtaniya miƙa wuya a Yorktown a 1781. Birtaniya ta amince da 'yancin Amurka a 1783. Hujjojin sun kuma yi tafiya: a 1811 wani ɗan Venezuela, Manuel García de Sena, ya fassara sassan rubutun Paine zuwa Sifaniyanci don masu neman rabuwa da Sifen.

Waɗanda ba ta yi magana da su ba

Kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan nan, wajen 500,000, bayi ne 'yan asalin Afirka. Ƙasidar da ta cika da kalmar bauta wajen siffanta halin Turawan Amurka ba ta ce komai ba game da bautar gaske da ke gonakin Virginia da Carolina. Inda ta ambaci baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar, ta ambace su ne a matsayin waɗanda Birtaniya ta zuga don su hallaka Amurkawa. Paine ba mai goyon bayan bauta ba ne, shi ne ma magatakardan majalisar Pennsylvania lokacin da ta yi dokar kawar da bauta sannu a hankali a 1780. Amma a Janairun 1776 yana buƙatar masu bayi na kudu su shigo tafiyar, kuma shirun da ya yi ya yi musu daɗi. Ga ƙabilun asalin ƙasar, sarkin da Paine ke zagi shi ne ya ja layi a 1763 ya hana Turawa ƙetare tsaunukan Appalachian su mamaye ƙasarsu, kuma 'yancin kai ya share wannan layi. Mata ma ba su cikin lissafi, abin da Abigail Adams ta tunatar da mijinta John Adams a wasiƙarta ta ƙarshen Maris 1776.

Bayi da yawa sun yi nasu lissafin. A Nuwamban 1775 gwamnan Virginia, Lord Dunmore, ya yi alkawarin 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar sarki, kuma cikin shekarun yaƙin dubbai sun gudu zuwa ɓangaren Birtaniya. Da aka gama, jiragen Birtaniya sun kwashe baƙaƙen fata kusan 3,000 daga New York, yawancinsu zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau, inda filayen da aka yi musu alkawari suka zo a makare ko ba su zo ba. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka ƙetara teku zuwa Afirka ta Yamma suka kafa birnin Freetown a Saliyo. Waɗanda suka rage a Amurka kuwa, bauta ta ci gaba a jihohin kudu har sai da aka yi yaƙin basasa, aka haramta ta a kundin tsarin mulki a 1865.